Waɗanda Suka Tsere wa Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Mai Hoto ya san ba a fita da fuskar da aka shiga da ita. Ka shigo da ƙurji a goshi, ka karɓi hotonka goshi sumul. Amarya ta zo da idon da bai ga barci ba, ta tafi da ido tar. Tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, ana bin tabo da ɗan buroshi da tawada, har zuwa yau da kwamfuta ta karɓe aikin, sana'ar mutumin nan ɗaya ce: ya ga aibi, ya kawar da shi. Yakan bugi ƙirji ya ce ko ƙwayar ƙura ba ta taɓa wuce idonsa ba, kuma shekaru masu yawa gaskiya yake faɗa.

Sai dai ido ba ya neman izini kafin ya tsufa. Yanar ido ta fara rufe masa duka biyun a hankali, duniya ta riƙa yi masa rawaya-rawaya, shi kuwa ya riƙa ƙara wa hotuna shuɗi don ya gyara abin da yake gani. Wata mata ta dawo da hoton mijinta ta ce ya yi kama da wanda ya kwana a firji. Mai Hoto ya ɗora laifin a kan tawadar zamani.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda har yau kowa ke kira Auta duk da ta zama malamar jami'a mai binciken taurari, ta taɓa jan sa zuwa wurin likitan ido da ƙyar da jiɓin goshi. Likita ya ce aiki ne ɗan ƙarami, amma in aka daɗe zai ƙara wuya. Daga ranar Mai Hoto bai sake bin ko titin asibitin ba. Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana taɓa fuskokin jama'a ya rantse ba wanda zai kusanto idonsa da wuƙa. A bakinsa taurin kai ne, a cikinsa kuwa tsoro ne tsagwaronsa. Tun rasuwar matarsa ba shi da wurin da yake jin shi wani ne sai wannan ɗan shago, in ido ya tafi kuma shago ya tafi.

Ran nan da hantsi Auta ta shigo a gaggauce, jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi sama-sama, ta miƙa masa filash, ɗan abin nan da ake adana hotuna a sa wa kwamfuta. Ta ce washegari za a kawo ɗaliban makarantu zauren jami'a, tana so a wanke mata hoto ɗaya babba, iya faɗin takardar da injinsa zai ɗauka, don a rataya a bango. Abokan aikinta sun ce ta kai babban kamfani, ita ta ce tana da uba. Wannan magana ta yi masa daɗi har ya kasa ɓoyewa. Sai ta ɓata rawarta da tsalle, ta ƙara da cewa likitan nan yana zama jibi da safe.

Fuskarsa ta canza nan take. Ya juya filash ɗin a hannu ya ce, “To bari mu yi ta ta ƙare. Ki dawo da la'asar. In kin samu aibi a aikina, ko da ɗigo ɗaya ne, in bi ki asibiti kamar rago. In ba ki samu ba, kada in sake jin sunan likita a shagon nan.”

Ta ce ta yarda. Tana bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Baba, don Allah kada ka taɓa komai. Ka wanke shi yadda yake.”

Ya ɗaga mata hannu. Wace amarya ce ba ta faɗi haka ba? Kowa na cewa kada a taɓa, kuma bai taɓa ganin wanda ya dawo neman ƙurjinsa ba.

Da ya buɗe hoton sai ransa ya ɓaci. Ya zaci zai ga taurari reras, irin na kalanda. Abin da ya gani baƙin fili ne, a tsakiyarsa wani haske mai siffar ƙwai, tsakiyar ta yi ƙarfi, gefen yana dusashewa har ya narke cikin duhu, ba baki ba iyaka. Launinsa rawaya ne mai ja-ja, irin na hoton da ya shekara da shekaru a jikin bango. Taurari na gaske 'yan kaɗan ne, masu ƙahoni huɗu suna walƙiya, waɗannan ya gane su. Amma da ya jawo hoton kusa, ya kara gilashin ƙara girma a fuskar kwamfuta kamar yadda ya saba yi tun da idon ya fara gardama, sai ya ga abin takaici. Ƙura ce ko'ina. Ɗige-ɗige sun yi wa hasken zobe, sun yi cincirindo kusa da shi, suna raguwa in an yi nesa.

Ya san wannan cuta. Wanda ya ɗauki hoton bai goge gilashin kyamararsa ba, shi ke nan. Wato haka za a aiko wa 'yarsa da ƙazamin aiki, ta rataya a gaban manyan malamai, a yi mata dariya a bayan ido? Ba dai yana raye ba. Ya naɗe hannun riga, ya aika a kawo masa shayi, ya zauna.

Aikin ya yi masa daɗi, kada ma a ɓoye. Ya ɗebo baƙi daga gefe ya rufe ɗigo, ya matsa gaba ya rufe na kusa da shi, hannu yana tafiya da kansa. Wuyansa ya ƙage, idonsa ya yi ta ruwa yana sharewa da gefen riga, bai tashi ba sai don salla. Da ya gama da ƙura ya koma kan launi, ya yi ta janye rawayan har sai da ƙwan ya yi masa fari fes.

Maƙwabcinsa mai gyaran agogo ya leƙo, wanda unguwa ke kira Saura-Kwata domin duk lokacin da ka tambaye shi yaushe agogonka zai tashi amsarsa ke nan. Ya tsaya a bayansa yana kallo, ya tambaya ko yanzu har ƙwai ake kawowa a ɗauka hoton fasfo. Mai Hoto ya ce masa wannan ilimi ne, ya fi ƙarfin mai sauraron tik-tik. Saura-Kwata ya ce ilimin dai ya yi shuɗi da yawa. Mai Hoto ya kore shi da hannu, ya tura wa inji.

Takardar ta fito a hankali, faɗinta ya kusa ƙofa. Ya shimfiɗa ta a babban tebur, ya danne kusurwoyin da tsofaffin firem, ya ja da baya. Tsaf. Ya gyara zaman hularsa ya jira.

Da la'asar Auta ta dawo. Ta ajiye jaka, ta nufi tebur da murmushinta, sai murmushin ya tsaya a hanya. Ta sa hannu ta rufe baki, shi kuma ya ɗauka daɗi ne ya kama ta, har ya fara ba ta labarin irin dattin da ya tarar da irin wahalar da ya sha.

“Baba,” ta ce a hankali, “ina curarrakin?”

Bai gane ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta yi wata 'yar dariya da ba ta da nisa da kuka. Sannan ta ciro kwamfutarta daga jaka, ta buɗe hoton na asali, ta ajiye kusa da nasa, ta ce ya matso.

Ta fara da abin da ya sani. Ta tuna masa yadda yake ba su labarin kyamarar dā, wadda ake buɗe mata ido a ce wa mutum kada ya motsa. Ta ce wannan ma haka ne, sai dai na'urar hangen nesa ce, kuma awa da awanni ta yi da ido a buɗe tana tara haske kaɗan-kaɗan, saboda abin yana da nisa. Ya tambayi nisan. Ta ce ba a aunawa da mil. Hasken da ke tahowa daga rana yakan iso mu kafin shayi ya huce, shi wannan hasken ya yi miliyoyin shekaru yana gudu a hanya kafin ya faɗo cikin na'urar. Abin da suke kallo tsohon hoto ne, ba wanda ya san yadda mai shi yake a yau.

Mai Hoto ya ɗaga kai ya dubi fuskokin da ke jere a bangon shagonsa, rabinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wannan kam ya gane.

Taurarin nan masu ƙahoni da ya bari, ta ce, ba 'yan cikin hoton ba ne. Maƙwabtanmu ne na bakin ƙofa da suka gifta, irin mutumin da ke leƙowa ta bayan amarya. Shi ƙwan kuwa masana suna ce masa galaksi, ita tana ce wa ɗalibai birnin taurari. Ba shi da suna sai haruffa da lambobi. Hasken da ya ga kamar hazo ba hazo ba ne, taurari ne, kowanne rana ce sukutum, sun yi yawan da ido ba ya iya raba su. Ranarmu ma a cikin wani birnin take, amma namu mai hannaye ne, a murɗe kamar maganin sauro, kowa yana zagayawa gefe guda. Wannan ya ninka namu sau da yawa, kuma ba shi da hannu ba shi da layi. Taurarinsa suna kai-komo ta kowace fuska kamar ƙudan zuma, suna kewaye wani baƙin rami da ke can tsakiya, wanda ko haske ya faɗa ba ya fitowa.

Ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ya sa yatsa kusa da fuskar kwamfutar, ya janye kafin ya taɓa. Da ƙaramar murya ya tambayi rawayan, ko hoton ne ya tsufa.

Ta ce ba hoton ba ne, birnin ne. Taurari masu shuɗi yara ne, masu zafin kai, wutarsu tana ci da sauri su mutu da wuri. A birni irin namu ana ta haifar sababbi, domin akwai sauran gajimaren iska da ƙura da ake yin su da shi. Wannan kuwa ya daɗe da daina haihuwa. Abin yin ya ƙare, masu shuɗin sun mutu tuntuni, saura tsofaffi masu ja da rawaya, suna ci a hankali, kuma za su daɗe suna ci. Ta dubi takardarsa ta ce shi ya mayar da dattijo ɗan saurayi.

Ya so ya yi dariya, amma akwai sauran tambaya. Ya nuna ɗige-ɗigen.

Ta jawo ɗaya kusa har ya zama ɗan dunƙulen haske mai laushin gefe. Ta ce wannan curin taurari ne, suna daga cikin mafi tsufan abubuwan da ake iya gani a sama. Birnin nan bai kai wannan girma da kansa ba, karo ya yi ta yi da wasu birane yana haɗiye su har siffarsu ta ɓace. Amma curarrakin sukan tsira, su ci gaba da zagaye shi. Wasu nasa ne na asali, wasu marayun biranen da ya cinye ne. Daga launinsu da inda suke tsaye ake karanta tarihin abin da ya faru. Shekarun nan da take cewa tana aiki, tana aiki, su take bi ɗaya bayan ɗaya.

“A cikin ɗigo ɗaya,” ya ce, “taurari nawa?”

“Dubu ɗaruruwa, Baba. Wani ya kai miliyan.”

“Kowanne rana?”

“Kowanne rana.”

Ya zauna a kan benci ba tare da ya duba ko yana wurin ba. Ya kalli hannunsa na dama, ya juya shi. Ya tuna yadda ya yi ta danna su yana kurɓar shayi, har da 'yar waƙa a hanci. Bakinsa ya shiga tasbihi shi kaɗai. Bai taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan yammaci ba, kuma abin mamaki, ƙanƙantar ba ta yi masa zafi ba. Ji ya yi kamar an cire rufin shagon. A waje mai mashin yana faɗa da mai kayan miya, rediyon Saura-Kwata na ta surutu, shi kuwa yana zaune da sanin cewa tun yana yaro wannan abu yana can sama da kansa, yana ci, bai taɓa jin labarinsa ba.

Auta ta dafa gwiwarsa ta ce kada ya damu, na asalin yana nan, ba abin da ya ɓata sai takarda. Hankalinsa ya ɗan dawo, kuma mai hali ba ya barin halinsa. Yana dawowa ya tuna da yarjejeniyarsu. Ya gyara murya ya ce to, ya yi kuskure, ya amsa, ya share abin da ba na sharewa ba. Amma wannan kuskuren sani ne, ba na ido ba. Ita ma shaida ce, ɗigon da bai kai kan allura ba ya gan shi ya bi shi. Mai yana a ido zai iya wannan? Ta duba da kyau, in ta samu ko ɗaya da ya rage.

Ta miƙe ta sunkuya a kan takardar. Yana kallon fuskarta, shi da ya ƙare rayuwa yana karanta fuska, ya ga tana neman hanyar da za ta bi ta kauce. Daga ƙarshe ta kamo yatsarsa, kamar yadda yake kama tata tana ƙarama in za su tsallaka titi, ta ɗora a kan baƙin gefen hoton.

“Ga ɗaya nan,” ta ce. Ta matsar da yatsar kaɗan. “Ga wani. Ga wasu uku a jere.”

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda. Baƙi. Ya ɗauko gilashinsa ya kara, ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce ta kunna babbar fitila. Baƙi ne dai, sumul, irin wanda yake alfahari da shi.

Ya ƙwala wa Saura-Kwata kira. Yana so a ce yarinyar tsokana take yi. Mai agogo ya shigo yana goge hannu, da wata zolaya a bakinsa, ya duba inda aka nuna masa, ya dubi abokinsa, zolayar ta koma ciki. Ya ce a hankali suna nan, ƙanana ne ƙwarai, kamar an barbaɗa gishiri. Daga nan ya ce ya bar shago a buɗe, ya fita.

Mai Hoto bai ɗauke yatsarsa daga inda ta ajiye ta ba. Ya jira kunya ta zo, ta kuwa zo, har ya ji ɗumi a kunnuwansa. Tsoron nan ma ya zo, na wuƙa da farin gado. Amma akwai wani abu da ya fi su nauyi, shi ne a ƙarƙashin yatsar nan tasa akwai rana dubu ɗaruruwa, an wanke su a shagonsa, da injinsa, a kan takardarsa, kuma kowa na ganinsu ban da shi.

“Da yawa ne?” ya tambaya.

“Sun fi waɗanda ka goge yawa, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauko sabuwar takarda ya saka wa inji, ya ce ta turo na asalin da hannunta. Ya koma benci ya zauna, ya cusa hannayensa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa, domin ya san halinsu. Injin ya fara gurnani. Hoton ya riƙa fitowa layi-layi, baƙi da farko, sannan gefen hasken, sannan rawayan nan mai ja-ja da duk ƙurarsa. Tun da ya fara sana'a wannan ne hoto na farko da ya bar shagon ba a taɓa shi ba, kuma bai san aikin da ya fi shi wuya ba.

Da tawada ta bushe suka naɗe shi tare, ya ɗaure mata da zare. Ta kai hannu za ta tattara wancan da ya lalace, tana cewa za ta jefar a hanya. Ya dafe takardar da tafin hannu.

Ya tambaye ta ko da ƙarfe nawa likitan yake fara ganin mutane jibi, kuma ko ana barin mutum ya karya kafin ya je. Ta tsaya da naɗin hoto a hannu, idonta ya ciko, ta amsa masa duka biyun. Ya ce ta zo da wuri, kada ta ba shi lokacin canza shawara.

Sannan ya ɗauko ƙusa da guduma, ya sauke hoton wata amarya daga tsakiyar bango, ya kafa lalataccen a wurin, shuɗinsa da komai. Auta ta ce ai wannan abin kunya ne a shagon mai hoto, ya bari ta wanko masa mai kyau.

“A'a, wannan nake so,” ya ce, yana daidaita kusurwar da babban yatsa. “Ranar da aka cire mini bandeji, nan za ki fara kawo ni. Ina so in ga waɗanda suka tsere mini.”